Rasuwar Kwamfutar da Aka Share wa Rumbu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Irmiya mai buga takardu a bakin kasuwar Ikara yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi tana da shekara goma sha ɗaya, bakwai daga ciki a hannun wani.

Marigayiyar mai rufin asiri ce. Ta buga katin biki, ta buga takardar neman aiki, har wasiƙar farko da Irmiya ya aika wa budurwarsa Loveth ita ta gyara masa Turancin, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Za a daɗe ana tuna "fuuu" ɗin fankarta.

Aibinta ɗaya, riƙo. Akwai ɗan rumbu a ƙirjinta inda take ajiye bayanin yadda za ta farka idan an kunna ta. Duk faɗuwar da ta yi, duk wutar da aka ɗauke mata, sai ta rubuta ta cusa a ciki, har wuri ya ƙare ta koma tashi da ƙyar. Mai gyara a Makarfi ya ce a ɗan rage. To, Irmiya ɗan manoman Janfalan ne. A gidansu ba a rage rumbu, share shi ake yi tas kafin sabon hatsi, tunda iri yana can rataye daban. Ya zage ya share. Ashe baiwar Allah irinta a ciki yake. Ba ta ƙara buɗe ido ba.

Ta bar caja mai ɗaurin roba, da firinta da ta zama marainiya, da Irmiya, wanda mahaifin Loveth zai zo ranar Asabar ya gani da idonsa ko yana da sana'a kafin ya ba shi 'yarsa. Irmiya kuwa yana son yarinyar nan.

Jana'iza ranar Asabar ce, ƙarfe goma, a shago. Za a ɗora gawar bisa tebur a buɗe, bayanta ga ƙofa, Irmiya yana danna ta da himma. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da takardu a hannu su yi layi. Don Allah kada wanda ya yi kuka sai tsohon ya hau babur.