Farfesa Sha-Huɗu da Sabulun Matarsa

A duk unguwarmu babu wanda kimiyya ta yi wa gata kamar Farfesa. Gaskiya ne jami'a ba ta san da zamansa ba, kuma a takardar aikinsa an rubuta mai riƙe makullin ɗakin gwaje-gwaje na makarantar sakandare. Amma mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana goge kwalabe, ai dole ilimi ya shige shi ko ta hanci ne. Farar rigar aiki ba ta barin jikinsa. Da ita yake zuwa aski, da ita yake zuwa sayen albasa.

Makaminsa wata 'yar takarda ce da ake tsomawa a ruwa ta sake launi, a duba lambarta a ma'aunin pH, daga sifili zuwa sha huɗu. Ɗan aji uku ma ya san zancen. Bakwai ruwan sha ne, ba ruwansa da kowa. Ƙasa da bakwai ɓangaren asid ne, su lemon tsami. Sama da bakwai kuma su kanwa da soda. Duk ƙarshen da ka kai, fata yake ci. Farfesa kuwa ya hango abin da ya shige wa masana duhu: ma'aunin nan maki ne, irin na jarrabawa.

Lemon tsami ya ci biyu, ya kore shi daga kicin. Shayin surukarsa ya ci biyar, ya ce mata, "Mama, a ƙara ƙoƙari." Sai muka ƙara masa girma ya zama Farfesa Sha-Huɗu, ya kuwa karɓa hannu bibbiyu.

Matarsa, baiwar Allah, sabulun ruwa take haɗawa a tsakar gida. Wata biyar tana safa da marwa a wani otal mai ɗaki arba'in, kafin manajar ta yarda za ta zo ta gani da idonta. In abin ya yi mata, duk sabulun wanke hannu na otal daga gidan zai riƙa fita. Ana gobe za a zo, matar ta cika duro, ta fita sayen robobi. Ni dai har yanzu ina jin tausayinta da ta bar duron nan a buɗe.

Farfesa ya tsoma takarda. Tara.

"Tara bisa sha huɗu, a gidana," in ji shi, yana girgiza kai. Ya jawo buhun sodar haɗa sabulu, ya zuba, ya juya, ya gwada. Goma sha ɗaya. Ya ƙara. Bai huta ba sai da takarda ta rine ta kai ƙarshen jadawalin launi, sannan ya rufe duro kamar likitan da ya ceci rai.

Da safe manaja ta iso. Matar ta buɗe duro, ta ga kaurin ba nata ba ne, ta ce a hankali, "Maigida, ka taɓa min sabulu ne?"

Bai ko kalle ta ba. Ya gyara tsayuwa, ya fuskanci manaja.

"Ranki ya daɗe, mata suna ƙoƙari, amma kimiyya sai da jagora. Sabulun kanti duk masu tara ne da goma, 'yan gaba-dai-gaba-dai. Wannan sha huɗu ne cur. Sama da shi babu lamba."

Ya kamfato da tafi, ya murza, don ƙarin hujja ya shafa har kan gashin baki.

"Wannan ɗan ɗumin da nake ji, alamar inganci ne," in ji shi. Sai ya fara taka rawa a wuri ɗaya. "Wannan kuma... uwar yara, ruwa."

Matar ta danna kansa ƙarƙashin famfo, ta riƙe shi minti ashirin yana bayani cikin kumfa. A cikin kokawar, duro ya kife, sabulu ya gangara magudanar tsakar gida, wadda ta shekara a toshe. Magudana ta yi gyatsa sau biyu, ta zuƙe komai. Da aka ɗago Farfesa, hannuwansa sun yi ja, rabin gashin baki ya bi ruwa.

Matar ta share hawaye, ta ciro 'yar robar samfur daga jakarta, haɗin hannunta. Manaja ta wanke hannu, ta shinshina, ta ce a fara kai mata ranar Litinin. Sannan ta daɗe tana kallon magudanar.

"Shi ma maigidan ya zo da nasa haɗin," in ji ta. "Muna da aikin da ya dace da shi."

Yanzu duk wanda ya tsaya, Farfesa zai gaya masa ta cikin takunkumin fuska cewa otal ya naɗa shi babban mashawarci kan kimiyya. Mun je mun gani. Ta ƙofar baya yake shiga, bokiti a hannu, yana bin mai gyaran famfo daga banɗaki zuwa banɗaki.