Ranar da Na Lanƙwasa Hanyar Safana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sa ni gaba don shata hanyar mota daga Batsari zuwa Safana ba. Zamanin Turawa ne, ina yawon sayen gyaɗa ƙauye-ƙauye da jakuna biyu (ɗaya ma na aro ne, amma wannan tsakaninmu).

Baturen hanya ya zo da tafinta da leburori, ya ce a nemo wanda ya fi kowa sanin yanke. Kafin dagaci ya buɗe baki na miƙe. An ce wanda ya nuna hanya za a ba shi wurin kafa sikelin gyaɗa a bakin titi, kuma mai sikeli a bakin titi ya rabu da bin jaki ke nan.

Aikin babu wuya. Ina gaba, leburori na bin sawuna suna kafa turaku, Bature na baya bisa doki. Muka miƙe sambal har gab da wata unguwa a ƙasar Ruma.

To, nan surukaina suke. Shekara bakwai da aurena ban taɓa yarda mun yi ido biyu da uwar matata ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Ina ɗaga kai sai ga ta a bakin turba, gindin tsamiya, tana sussukar gero. Ban yi shawara da ƙafafuna ba. Su da kansu suka karkata daji kamar yadda suka saba. Na kewaya ta bayan gari, cikin ƙaya da shurin gara, leburori na biye da ni suna buga turaku, har muka ɓullo kan turba can gaba.

Bature ya ja linzami, ya ga layin turaku ya tanƙware kamar lauje. Tafinta ya ce, "Malam, Bature na tambaya, me muka kauce wa?"

Mutanen unguwa sun riga sun taru. (Da na faɗi gaskiya, da dariya ɗaya za a yi a wuce.) Na gyara murya na ce, "Fadama ce, ranka ya daɗe. Da damina ko raƙumi nutsewa yake."

Bature ya ce a kai shi ya gani.

Muka koma, jama'a na biye. Wuri tsandauri, ko gatari sai ya yi da gaske. Babu komai sai tsohuwa da turminta, labari kuma ya riga mu isa. Ta jingine taɓarya, ta juya mana baya, don ita ma kunyar take ji, ta ce da maƙwabciyarta yadda kowa zai ji, "Ke Hajo, gaya wa mijin yarinyar nan fadama na gaishe shi. Ya taka a hankali kada ya nutse."

Aka bushe da dariya. Sai da tafinta ya share hawaye kafin ya iya fassarawa. Bature ma ya dara, amma bai yafe rabin yinin da na ɓata masa ba. Ya sa na tumɓuke turakun da hannuna, na sake kafa su a miƙe, wato ta gaban turmin surukata, takalmi a hammata, kai a ƙasa. Sikeli kuwa wani mutumin Karare aka ba.

Har gobe ina cewa kunya ado ce. Sai dai kafin ka ji ta, waiwaya ka tabbata babu mai bin ka da turaku.