Yadda Za Ka Zama Maƙwabcin da Ake Nunawa a Labaran Ƙarfe Biyar

Sunana Lucius Tibbs. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa bas a birnin Filadelfiya na Amurka, karatuna bai wuce aji takwas ba, amma sau goma sha huɗu fuskata tana fitowa a labaran ƙarfe biyar na yamma. Ban yi sata ba, ban ceci kowa ba. Ni ne dai dattijon nan da ake rubuta wa "maƙwabci" a ƙasan haɓa. Ka bi abin da zan gaya maka, na yi maka alkawari kafin wata uku surukanka za su gan ka a talabijin.

Mataki na 1: Ka fita daga gida

Kyamara ba ta hawa bene ta ƙwanƙwasa ƙofa. Dole ta same ka a titi. In matarka irin Odessa tawa ce, sai ka nemi dalilin fita. Ni likita ne ya ba ni nawa: ciwon suga, tafiyar awa ɗaya kullum da rana, kuma ban da zaƙi. Odessa ta ɗora nata a kai, tana nuna ni da ludayi.

"Lucius, buɗe kunnenka. Ranar da na ji ka sake taka shagon donot ɗin Chantha, wannan fanken mai suga, ranar zan kira Renita in ce mun yarda."

Renita 'yarmu ce. Gidanta yana can bayan gari, inda babu komai sai ciyawa da akwatunan wasiƙa. Shekara biyu tana roƙon mu koma wurinta. Odessa tana so, ni nake turjewa.

Na ce na ji. Na kuwa riƙe tafiyata ta awa ɗaya: minti shida zuwa shagon Chantha, minti shida dawowa, sauran a kujerar bakin tagar shagon. Daga tagar nan ana ganin mahaɗar tituna huɗu. Ka ga ai aiki ne yake kai ni.

Mataki na 2: Ka san motarsu

Motar 'yan talabijin fara ce, da dogon ƙarfe a kanta. In ka hango ta, kada ka yi gudu. Mai gudu ko dai shi ya yi laifin, ko kuma sabon shiga ne. Ka taka kamar za ka sayen burodi. Ka tsaya taku uku bayan mai ɗaukar rahoto, hannu a baya, ka riƙa girgiza kai a hankali. Girgiza kai shi ne rabin sana'ar.

Mataki na 3: Sutura

Hula mai kyau, kwat mai tsabta, a ƙafa kuma silifas. Ma'ana kai mutumin kirki ne da ya fito a gigice. In ka cika ado, za su ɗauka takara kake.

Mataki na 4: Ka haddace magana uku

Ta ɗaya: "Shekara arba'in ina unguwar nan, ban taɓa ganin irin wannan ba."

Ta biyu: "Sai kawai na ji ƙara."

Ta uku: "Mun gode Allah babu wanda ya ji ciwo." Wannan kam ka fara tambaya kafin ka faɗe ta.

Da su na yi fashewar bututun ruwa, da su na yi faɗuwar bishiya. Ranar da aka buɗe sabon shagon wanki ma na ce na ji ƙara, suka kuma sa. Ba lallai ka ga abin da ya faru ba. Sau goma sha uku na farko ban ga komai ba, babu wanda ya yi ƙorafi. Abu ɗaya ne doka: kada ka taɓa faɗin inda kake tsaye lokacin da abin ya faru. Shaida nagari ba shi da wuri.

Mataki na 5: Ka sa ido kan abokin hamayya

Kowace unguwa tana da mutum biyu masu wannan aiki. Na biyun a tamu shi ne Percy Gaines, tsohon mai raba wasiƙa. Yana da haƙorin zinariya, kuma yana iya hawaye da ido ɗaya. Sau tara yake da shi a lokacin.

"Tibbs, jiya na gan ka. Rabin kunnenka kawai suka nuna."

"Rabin kunnena ya fi dukan fuskarka daɗin kallo, Percy."

"Gaishe da Odessa. Ka ce mata tafiyar nan tana karɓarka, har tumbi kake yi."

Irin wannan mutum kada ka bari ya taɓa maka zuciya. Ni na bari.

Mataki na 6: Kada ka faɗi gaskiya, ko da ita ce ta fi daɗi

Wata Talata ina zaune a tagata, sai ga bijimi. Daga motar mahauta ya dira, ya ratsa mahaɗar, motoci suna ta birki. Ya zo daidai tagar Chantha ya tsaya, ya dube ni, ya lashi gilashin, ya wuce. Karo na farko a rayuwata da na ga abu da idona.

Farar mota ta iso. Mai rahoton, wata yarinya mai suna Alvarado, ta san ni. Amma kafin in gama gyara hula, Percy ya riga ya shige gabanta.

"Sai kawai na ji ƙara," in ji shi. Maganata, a bakinsa. Bai tsaya nan ba, ya nuna ni da haɓa. "Wancan tsohon kada ki ɓata lokacinki. Yana gida yana barci, yanzu aka tashe shi."

Jinina ya hau. Na matso.

"'Yata, juyo da abin nan. Ni da bijimin nan ido cikin ido muka yi. Ina zaune a tagar can, kujerata ta kullum, donot na uku a hannuna, mai jam a ciki."

"Kujerarka ta kullum, Baba?"

"Wata takwas ban yi fashi ba. Ga Chantha nan, tambaye ta."

Chantha tana bakin ƙofa tana ta yi mini alama da hannu in yi shiru. Na ɗauka gaisuwa ce, na ɗaga mata hula. Sai da na ga haƙorin Percy yana walƙiya sannan na ji abin da bakina ya faɗa.

Na bi yarinyar har mota. "'Yata, a yanke wurin donot ɗin nan."

"Haba Baba, ai wurin ne labarin."

Mataki na 7: Kada ka wahalar da kanka wajen hana matarka kallo

Na ɓoye rimot a aljihun kwat. Na ce mu fita shan iska. Odessa ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙe ta kunna talabijin da yatsa.

Daƙiƙa arba'in suka ba ni, fiye da duk na baya a haɗe. A ƙasan haɓata ba "maƙwabci" suka rubuta ba, "ganau" suka sa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi.

Ta kalla har ƙarshe, sannan ta juyo ta dube ni.

"Hular ta yi maka kyau."

"Na gode."

"Wancan farin a gemunka, suga ne?"

"Hasken kyamara ne."

"To. Miƙo mini waya."

Da hannuna na miƙa mata.

"Renita, uwata, ɗakin nan na ƙasa har yanzu babu kowa a ciki?"

Mataki na 8: Ka ci gaba da atisaye

Daga ɗakin nan na ƙasa nake rubuta maka wannan. Wata huɗu ke nan, farar mota ko ɓatan hanya ba ta yi ta nan ba. Babban abin da ya faru shi ne kwandon sharar maƙwabci ya faɗi, shi ma ban ji ƙara ba. Amma ƙararrawar ƙofar Renita tana da 'yar kyamara mai aika hoto zuwa wayarta. Kullum da safe nakan sa hula da silifas, in tsaya gabanta in girgiza kai. Jiya muryar Renita ta fito daga ciki.

"Baba, ina cikin taro. Me ka gani?"

"Wata huɗu ina unguwar nan, ban taɓa ganin komai ba."

Gargaɗi

Alkawarin da na yi shi ne za a gan ka, ban ce wa zai gan ka ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa kujerarsa, ko donot ɗinsa, ko garinsa, ni Lucius Tibbs babu hannuna. Mai ƙorafi ya kai wa Percy Gaines. Ba shi da wuyar samu: an ce yanzu sau goma sha biyar yake da shi, kuma kullum da rana yana tagar Chantha, a kujerata.