Kifin da Na Ci a Tele Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ci kifi a gaban surukata, da hannu biyu, har da tsotsar ƙaya, alhali ina tsaye a bakin ƙofa ko loma babu a bakina. Na san maganar ta yi kama da tatsuniya, amma ku biyo ni a hankali. Na'ura ce ta yi mini wannan aika-aika, kuma ni na haɗa ta da hannuna.

Ni malamin lakwal ne a nan Madarumfa, lissafi nake koyarwa, kuma ina da wata cuta: in abu ya shiga kaina, ko za a yi me sai na ga ƙarshensa. Abin da ya shiga kaina a wancan lokaci shi ne hotunan gidanmu. Kowa a danginmu yana ajiye tarihinsa a cikin ɗan memwar ɗin salula, abin da bai kai farce ba. Yau ya faɗa randa, gobe yaro ya tauna, jibi a kai salula gyara ta dawo wayam. Biki, suna, sallah, fuskokin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, duk suna zubewa kamar hatsi a ɓulallen buhu. Sai na ce ni zan yi maganin abin. Zan haɗa abin da masana ke kira sarber, wato ordinater guda da za ta zauna a gida tana kunne, kowa ya zuba mata hotunansa da bidiyonsa ta wifi, in an so kallo a kalla a tele.

Na samo wata tsohuwar ordinater a wurin mai gyara a Maraɗi, na ɗauro ta a bayan moto kamar akuya. Da na kunna ta, fankar cikinta ta ɗauki gurnani, matata Sa'a ta leƙo daga madafa ta tambaya ko yanzu mun fara karɓar markaɗe ne. Tun daga ranar ake kiranta injin markaɗe a gidanmu. Ban kula ba. Na buɗe cikinta na hure ƙura, na sa mata sabon diski, wato ma'ajiyar hotunan, na kwashe makonni ina bin bayanin da rabinsa ban gane ba, ina gogewa ina sakewa, har ta yarda ta fara gaisawa da salulata.

Daga nan na sha mari na farko. Ina cikin zuba hotunan aurenmu aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, diskin ya yi wani ɗan kuka ƙas-ƙas, shi ke nan, bai sake magana ba. Hotunan aurenmu suka bi shi (Sa'a ta ce ba komai, dama hular da na sa ranar ba ta yi mini kyau ba). Wani da tuni ya haƙura, ni kuwa sai abin ya ƙara hau mini kai. Na sayi wani diskin, na kafa pano mai zuƙar hasken rana a kan rufi, na sa batir, na ja waya da kaina har falo, na kafa makunni guda a bakin ƙofa. Sannan na tara mutanen gida na kafa doka: duk wanda ya taɓa makunnin nan na'ura tana aiki, ya kashe mana tarihi, kuma ni da shi ne.

Akwai wasu ƙananan dabaru da na yi waɗanda a lokacin na ɗauka basira ce. Telen ta hannu ce, babu telekomand na juya ta daga nesa, maɓallinta ya mutu, da ta ji wuta take kamawa. Na haɗa ta da sarber a waya ɗaya na naɗe da leda, na kafe ta a bango ƙam saboda yara. Komai da salulata nake juya shi, ina zaune ina latsawa kamar wani direban jirgi. Ku riƙe wannan, zai dawo.

To, ga inda surukata ta shigo. Inna, mahaifiyar Sa'a, a Ɗan Issa take. Tsakanina da ita kunya ce irin ta da, kuma ba yabon kai ba, na yi suna a kanta. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa ganin ko ruwa ya wuce maƙogwarona ba. In na je gaisuwa daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, kaina a ƙasa, in aka kawo abinci in ce na ƙoshi ko da cikina yana kiran ciroma. Har kwatance ake yi da ni a unguwarsu, ana ce wa samari su je su koyi surukuta wurin mushen Madarumfa (mushe ake kiran malamin lakwal a wajenmu). Ina jin daɗin wannan suna fiye da yadda ya kamata.

Bayan rasuwar mijinta, Baba Malam, Inna ta faɗa wa Sa'a wata magana da ta tsaya mini a rai. Ta ce fuskarsa tana nan a idonta, amma muryarsa ta fara gushe mata daga kunne, tana ƙoƙarin tuna yadda yake kiran sunanta abin ya ƙi. Baba Malam mutum ne da ba ya son a ɗauke shi hoto, saboda haka babu wanda ke da komai nasa. Sai Rabi, ƙanwar Sa'a, abokiyar wasana kuma babbar maƙiyiyata, ta tuna cewa ta ɗauki bidiyo ranar sunan 'yarmu ta fari, wanda aka yi a gidansu. Aka tono memwar ɗin a cikin gwangwanin allura, ya yi tsatsa, babu salular da ta yarda ta karanta shi.

Na ce a kawo mini. Na goge shi, na lallaɓa shi, na gwada ta nan na gwada ta can, yana kamawa yana saki. Sa'a ta ce in bar wahalar da kaina, na ce ko ni ko shi. Ranar da ya kama sosai na kwashe duk abin da ke ciki na zuba a sarber, ban tsaya zaɓe ba. Da na sake soka shi don in tabbatar, ya mutu murus. Wato muryar Baba Malam a duk duniya ba ta da wani masauki sai cikin injin markaɗena, diski ɗaya tal, na biyun da nake niyyar saye don ajiye kwafi ina jiran ƙarshen wata. Na buɗe bidiyon farko, na ga Baba Malam yana addu'a, na rufe ina murna. Sauran ban duba ba. Me zan duba? Na riga na ci nasara.

Aka aika wa Inna, ta zo da Rabi da wasu ƙawayenta dattijai biyu. Tun safe nake gwaji, in kunna in kashe, in ƙara murya in rage, ban lura cewa salular da nake ta latsawa ita ma tana da ciki ba. Bayan azahar aka shimfiɗa wa Inna tabarma daidai ƙarƙashin tele saboda idonta, matan maƙwabta suka cika falon, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya dace da suruki, na sunkuyar da kai na latsa.

Baba Malam ya fito, da farin rawaninsa, hannuwa a sama, yana yi wa jaririya addu'a. Falon ya yi tsit, har gurnanin injin ya zama kamar ba ya nan. Inna ta sa gefen mayafi ta share ido, tana amsa amin a hankali kamar yana gabanta. Ni ma idona ya kawo ruwa, amma in faɗi gaskiya rabin abin da ke ƙirjina alfahari ne. Ina ta raya wa kaina yadda labarin zai kai Ɗan Issa kafin magariba.

Addu'a ta ƙare. Maimakon tele ta tsaya, sai ta wuce bidiyo na gaba, domin dukan dosiyen bidiyoyin na latsa ban sani ba. Hoton ya ɗan yi rawa, aka ga bangon rumbu, aka ga wani mutum a tsugune ya ba da rabin baya, babbar riga a naɗe har kafaɗa, kwano a tsakanin gwiwoyi. Na gane rigar kafin in gane mutumin.

Bari in yi bayani. Ranar sunan ni na kai musu kifin karfasa daga tabkinmu, aka soya shi da yaji, aka ajiye mini a gaban dattawa, na ce na ƙoshi, har aka yi ta yaba mini. Can Rabi ta yafuto ni ta ce ta ajiye mini nawa a bayan rumbu inda ba kowa. Na yi mata godiya har da addu'a. Ashe 'yar banzar ta laɓe da salula.

Jama'a, ban san haka nake cin abinci ba. Mutumin nan na tele ya kama kifi da hannu biyu kamar za a ƙwace, ya yagi tsoka, ya tura, kafin ya haɗiye ya sake turawa. Mai yana bin gwiwar hannunsa. Yaji ya kama shi ya ja hanci, ya waiga hagu ya waiga dama kamar ɓarawon kaji, ya koma kan kifin ya fasa shi da haƙori yana tsotsa, kuma duk ƙarar tana fita tas, don ni na ƙure murya saboda kunnen Inna.

Na latsa salula. Baƙi ƙirin, caji ya ƙare. Na dubi tele, wayarta tana baya, a kafe, kuma kafin in kai gare ta sai na tsallake ƙafafun surukata. Rabi ta riga ta kife a bayan wata tsohuwa, kafaɗunta suna rawa. Sa'a ta matso kusa da ni, fuskarta a rufe da mayafi, ta ce a hankali, “Mushe, kashe wutar mana, ga makunni nan ga hannunka.”

Gaskiyarta, yana nan daidai kafaɗata. Latsawa ɗaya, asirina ya rufu. Na ɗora yatsa a kansa, sai na tuna kukan ƙas-ƙas ɗin nan na diskin farko. Wataƙila babu abin da zai faru, wataƙila kuma muryar da Inna ta ji yanzun nan ta tafi ke nan har abada, saboda ni ba na son a ga ina tsotsar kan kifi. Na janye hannuna na sa a aljihu, don kada ya ci amanata. Na ce wa Sa'a ba zan kashe ba, na tsaya ƙyam zufa tana bin bayana, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba, mutumin tele kuma ya jawo kifi na biyu.

Sai ga wani abu da ban taɓa sani ba. Daga can gefen hoton Baba Malam ya ɓullo da buta a hannu, zai zaga. Ya gan ni. Ya tsaya cak, ya ja da baya a kan yatsun ƙafa kamar mai gudun tayar da jariri, ya zo daidai inda Rabi take laɓe. Fuskarsa ta cika telen, ya toshe baki da gefen rawani yana dariya har idonsa ya rufe, ya ce da ita ƙasa-ƙasa, “Ke, bar yaron ga shi ci abinshi, tun sahe yake ƙoshi.” Sannan ya ɗaga murya kaɗan ya kira Inna da sunanta, ya ce a ƙara wa baƙi kifi a kai bayan rumbu.

Falon ya fashe, tsofaffin nan har da riƙe ciki. Inna kuwa dariya take yi hawaye na zuba, ta miƙa hannu wajen telen kamar za ta taɓa shi. Ni abin da ya kama ni daban ne. Dattijon nan ya rayu shekaru bayan wannan rana, na durƙusa a gabansa ban san iyaka ba ina cewa na ƙoshi, yana gyaɗa kai yana sa mini albarka, bai taɓa nuna mini ko a fuska ba.

Da hayaniya ta lafa, Inna ta yi magana, ba ta dube ni ba, da Sa'a take yi kamar yadda aka saba. Ta ce, “Ki ce ma mai gidanki na gode. Na addu'ar ya yi kyau, amma wanga na kihin shi nika so. Nan ne ya yi dariya, nan ne ya kira ni. Shi maido min shi daga hwarko.”

Haka na sa salula a caji, na dawo na tsaya a bakin ƙofa, na sake cin kifin nan a gabanta daga farko har ƙarshe.

Wata na ƙarewa na sayi diski na biyu, kuma abin da na fara kwafewa a cikinsa shi ne bidiyon abin kunyata, na ƙara wani kwafin a sabon memwar aka kai wa Inna Ɗan Issa, inda na ji an daina kwatance da ni, an koma tambayar ko a ajiye mini nawa a bayan rumbu. Darasin da na koya shi ne, kafin ka tara jama'a kallon tarihi, ka fara kallonsa kai kaɗai, kuma kada ka taɓa karɓar kwano daga hannun ƙanwar matarka. Har yau in Inna ta zo ana kawo abinci ina cewa na ƙoshi, ita kuma takan ce wa Sa'a a rufe mini nawa, ta san ƙoshin.