Tutar Malam da Kamun Koko

Me ya sa mutumin da Allah ya ba Hausa da Larabci da Turanci zai je ya ɗauko wani yare da ba shi da gari? Shekara arba'in da 'yan kai ina zaune da Malam, ban samu amsa ba, yanzu kuma babu wanda zan tambaya. (Rabi, 'yata, ke ce mai biro. Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini.)

Sunan yaren Esperanto. Malam ya ce wani likitan ido ne a Turai ya zauna ya ƙirƙire shi, don kowa ya ji maganar kowa. Tun yana aiki a gidan waya ya koya, wasiƙu suna zuwa masa daga ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Al'adar masu yaren ita ce, idan ɗayansu ya zo garinku, gidanka zai sauka, ya ci abin da kake ci. Kuma suna da tuta, koriya, da tauraro a gefe.

Ko ƙasa ta rufe mini ido ba na jin zan manta ranar da baƙinsa na farko suka zo, wani dattijo daga Togo da wata mata daga Japan. Lungunmu na Zaitawa ko ɗan gari yana ɓata a ciki, shi ya sa Malam ya rubuta musu cewa su nemi zauren da aka rataya koriyar tuta.

To, kafin nan da sati uku ƙyallen da nake tace kamu da shi ya yage. Na buɗe akwatin Malam na ga wani yadi mai laushi, a ninke, ba ya aikin komai. Ni ban yi boko ba, ina zan san tuta? Wallahi ban taɓa samun ƙyallen tata mai kyansa ba.

Da safen ranar da baƙin za su zo, Malam ya birkice ɗaki. "Hajjo, kin ga wani koren yadi mai tauraro?"

Na saci kallon tsakar gida. Yadin yana kan igiya bayan madafa, yana ɗigar da ruwan gasara. Na buɗe baki na ce, "Wane irin yadi, Malam?" (Rubuta, Rabi. Uwarki ta yi ƙarya, kuma ta yi ta da ƙafafunta biyu a tsaye.)

Baƙi suka yi ta yawo a rana daga hantsi har azahar, suna leƙa zaurukan mutane. Malam ya fita nema ta gabas, su suna yamma. Daga ƙarshe mai unguwa ne ya rako su, yana cewa, "Malam, ga mutanenka, mun yi musu Turanci sun amsa, amma sai tauraro suke zana mana a ƙasa."

Maza suka zauna a zaure, matar ta shigo wajena. Na dama koko na ba ta. Tana sha tana murmushi, sai idonta ya kai kan igiya. Ta ajiye ludayi, ta tashi, ta ciro yadin da hannu biyu. Kore ya koma ruwan toka, tauraron ya yi tauri da gasara. Ta nufi zaure da shi, ni kuwa na bi ta har bakin ƙofa ina fatan ƙasa ta tsage.

Ta shimfiɗa shi a gabansu. Sai na ji muryar Malam, "Hajjo, wane irin yadi?"

Sai dariya ta ɓarke, har dattijon Togo yana tari. Matar ta yi wata doguwar magana da yaren nasu. Malam ya leƙo yana share hawaye ya ce, "Ta ce ta ga tutar nan a ƙasashe da yawa, a bango da kan tebur, amma ba ta taɓa ganin wadda ta ciyar da ita ba sai taki."

Kwana uku ban iya haɗa ido da shi ba. Abin da na koya shi ne, in za ki ɓoye laifi, kada ki shanya shi a igiya.

Malam ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Kullum sai na yi kuka, ba na ɓoyewa. Yanzu saƙo ya shigo wayarsa da Turanci cewa wata malamar makaranta mai jin yaren nasu daga Kwatano za ta zo, ba ta san ya rasu ba. Babban yayanki, ɗana na fari, ya ce a ba ta haƙuri, tunda babu mai jin yaren a gidan. Na ce ba zai yiwu ba. Ni ma ba na ji, amma na iya dama koko, na iya shimfiɗa tabarma. Ki amsa mata, Rabi, ki faɗa mata gaskiya, ki ce ta zo ta nemi zaure mai tuta. Ta koɗe, amma za ta gane ta.

Don ranar da zai tafi, bayan ya sha ruwa daga hannuna, ya riƙe mini yatsa ya ce, "Hajjo, duk wanda ya zo, ki sauke shi. Ki rataya tutar a zaure, in kin gama tace kamu."