Auren da Ya Mutu a Kan Famfo

Baba Mailafiya yana da shekara saba'in da tara, kuma dattijo ne a cocinsu a Kontagora. Yana zaune a gindin mangwaro sai jikarsa Agatha ta shigo, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta samu gurbi a kwaleji, washegari kuma za a raba wa sababbin ɗalibai ɗakunan kwana.

"Lafiya lau, amarya. Yau har da durƙuso? Me ya ƙone?"

"Ba abin da ya ƙone, angona. So nake aurenmu ya yi mini rana."

"Wane aure? Wanda ko ruwan wanka ban taɓa gani ba?"

"Ai ruwan ne ya kawo ni. Ɗakunan da ke kusa da famfo, matan aure ake fara bai wa. Mu kuwa sai mu bi layi, wadda ta makara ta tafi benen bayan fili, ta shekara tana hawa da bokiti a ka. Tun ina zanin goyo kake cewa ni matarka ce. To, gobe ka zo ka faɗa a gaban mai raba ɗakuna."

Tsohon ya yi tari. Bai taɓa zaton wasan nan zai kai shi ofis ba.

"Ni? Dattijon coci guda? In Fasto ya ji fa?"

"Au, dama yaudarata kake yi?"

"Ke da ko tuwo kika tuƙa sai an sa gatari! Na sake ki."

"Da wane bakin? Haƙori biyu ba sa sakin mace."

"Uku ne, marar kunya. 'Yan matan garin Salka har gobe layi suke yi mini."

"Waɗanda ke zuwa da sanda? To, tunda ka saba da layi, zo ka tsaya mini a nawa."

 Mailafiya ya dubi siririn wuyanta, ya tuna nauyin bokiti. Sai ya fashe da dariya.

"Kin ci. Goge mini rigar Lahadi."

Da safe suka tarar da layi har bakin ƙofa. Mailafiya ya tsaya a ƙarshe, ya dogara sanda, ya saki nishi ɗaya. 'Yan matan suka dare: "Wuce, Baba, wuce." Agatha na biye da shi har gaban tebur.

Mai raba ɗakuna ta ɗago kai. "Baba, 'yarka ce?"

"Jikata ce, ranki ya daɗe. Matata ce har jiya, auren ya mutu a kan ruwa. A taimaka a ajiye ta kusa da famfo, kada ta dawo mini."

Matar ta yi dariya har ta share ido, ta miƙo makulli.

A ƙofar ɗakin, dab da famfo, Mailafiya ya miƙa wa Agatha tsohon bokitinsa na ƙarfe da ya taho da shi daga gida.

"Ga kayanki, bazawara. Ɗebo mini na sha in tafi."