Ranar da Na Hau Mashin ɗin Kakana Zuwa Gaisuwar Surukai

Ko zan manta komai, ba zan manta da shigata unguwar su Aisha a cikin garin Yola ba, ina bisa tsohon mashin, farar shadda tana walƙiya, ina ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara.

Mashin ɗin na marigayi kakana ne. Ya saye shi zamanin Jihar Arewa maso Gabas, yana malamin gona, kuma tun rasuwarsa yake jingine a gidanmu na Luggere, kaji suna ƙwai a gindinsa. Da Aisha ta ce min Bappanta, wanda maganar aurenta ke hannunsa, ya tsani samarin zamani masu aron mota, sai na ce shi ke nan, na samu dabara. Zan je masa da tarihi.

Bakanike ya ta da inji. Sit kuwa na ce ni zan yi da hannuna (na kalli bidiyo a waya, ka ga ai na zama gwani). Na yage tsohuwar ledar, na goge tsatsa, na yanka sabon soso, na sayo jar fatar akuya a kasuwar Jimeta, irin wadda ake ɗinka jaka da ita. Na ja, na ɗame, na liƙe. Don ta ƙara sheƙi na mulke ta da man kaɗanya. Wallahi ya yi kyau, har hoto na ɗora.

Abin da ban lissafa ba shi ne zafin Yola a bazara, da gumin mutumin da zai je gaban suruki.

Na faka, na yi sallama, na durƙusa. Bappa ya fito ya zaga mashin yana shafa tanki.

"Irin wannan muka hau muna samari. Kai ka gyara?"

"Sit ɗin ma da hannuna na yi, Bappa."

Ya dubi sit, ya ɗan leƙa bayana, ya ce, "Na ga alama."

Ni kuwa na ɗauka yabo ne, har da cewa na gode.

In ba ku san mutanen cikin Yola ba, kawaicinsu ya wuce misali. An shimfiɗa min farar darduma, na zauna, na tashi, ba wanda ya ce uffan. Aka kira La'asar, suka tura ni sahun gaba don girmama baƙo. Na ji dattawan bayana suna ta tari, na ce a raina, Allah sarki, mura ta shigo unguwa.

Sai da aka kai ni cikin gida gaida Dada, kakar Aisha. Ita jika abokin wasanta ne, ba ruwanta da kawaici. Na juya zan cire takalmi ke nan ta rafka salati.

"Kai angon nawa! Lalle aka sa maka tun ba a ɗaura ba? Kuma a nan wajen?"

Na kai hannu baya, na dawo da shi jawur. Aisha ta ɗauki hoton bayana ta miƙo min wayar, tana cizon mayafi. Jama'a, sit ɗin ne gaba ɗayansa a jikin shaddata, har layin ɗinkin ya fito.

Na fito da baya da baya kamar mai barin fada. A zaure na tarar da Bappa yana naɗe dardumarsa, ita ma ta samu rabonta. Na ce yau aure ya mutu tun ba a haife shi ba.

Ya ce, "Ka turo manyanka ranar Juma'a." Ya dubi dardumar, ya ƙara da cewa, "Amma su zo a mota."

Tun ranar na gane, duk gyaran da za ka zauna a kansa, ka fara gwada shi da tsohon wando. Amma ku faɗa min tsakani da Allah: da ku ne a sahu na biyu, za ku taɓo ni, ko ku ma tari za ku yi?